Darasi na Shida: Saukar da Ƙaramin Jirgin Ruwa Daga Kan Tirela

'Yan'uwa, ku karanta a hankali. Wanda bai gane ba ya ɗaga hannu, babu kunya.

A gindin jirgi, can ƙasa, akwai wani ɗan rami da ake zubar da ruwa ta cikinsa idan jirgi yana tudu. Yana da matoshi. Kafin komai, ku nemo matoshin, ku sa shi, ku murɗa har ya kama. Ku taɓa da yatsa. Ido yana ruɗi, yatsa ba ya ruɗi.

Wannan aiki a tudu ake yin sa, nesa da gangaren simintin da ake saukar da jirgi, don kada ku tare wa wasu hanya. A nan kuma za ku kwance igiyoyin baya da suka ɗaure jirgi a kan tirela, wato abin ɗaukar jirgi da mota ke ja, ku ɗaga inji sama kada farfela ta daki siminti. Igiyar goshin jirgi kuwa ku bar ta ɗaure tukuna. Kowa ya sa rigar ruwa mai hana nutsewa.

Yanzu ku koma gindin jirgi. Matoshi yana nan? Ku sake taɓawa.

Na taɓa ganin dattijo, gwanin tuƙi, ya manta da shi. Bai yi nisa ba sai ga takalmansa suna yawo a cikin jirgi, yana ta kwarfar ruwa da ƙwarya. Allah ya kiyaye, ya dawo gaɓa. Sau nawa zan faɗa? A ajin bara mutum uku suka manta, bayan na maimaita har muryata ta dushe. Wannan sakaci ne. Matoshi!

Direba, sa ribas, tafi sannu. Riƙe sitiyari ta ƙasa: inda hannunka ya nufa, nan bayan tirela zai nufa. Mutum ɗaya ya tsaya gefe yana nuna maka, kada kowa ya tsaya a baya. Ku kula da gansakuka, tana da santsi ƙwarai. A madatsar ruwa irin ta Tiga ruwa yana ja da baya da rani, simintin kan ƙare, taya ta nutse a laka. Ku duba tukuna.

Da gindin jirgi ya fara tasowa, tsaya. Ja birkin hannu, a sa dutse bayan taya. Wani ya riƙe doguwar igiya, a kwance goshi, a tura.

Ɗaure jirgi a gefe. Fitar da mota. Leƙa cikin jirgi ka gani ko ruwa yana shigowa.

Aiki: rubuta kalmar "matoshi" sau biyar.