Yadda ake dasa kwins mai fure da kula da shi

Duk wanda ya taɓa yin hunturu a Ingila ya san yadda lambu ke komawa a watan Fabrairu: itatuwa tsirara, ƙasa jiƙe, ba abin da ido zai huta a kai. A daidai lokacin ne kwins mai fure, wani ɗan gajeren itace mai yawan rassa, ke nuna kansa, furanni ja ko ruwan hoda ko farare su lulluɓe rassa tun ganye bai tsiro ba. Asalinsa daga Sin da Japan yake, masana tsirrai na kiransa Chaenomeles. Ɗan ƙasar sanyi ne, sai ya sha hunturu yake fure sosai, don haka kada wani ya kai shi Kano ya dawo yana cewa ya ƙi.

Ka dasa shi da kaka, wajen Oktoba ko Nuwamba, kafin ƙasa ta daskare. Nemi wurin da rana ke samu. Yana jure inuwa, amma furen zai yi ƙaranci. Yana da ƙaya, kada ka sa shi bakin hanyar da yara ke wucewa.

Haƙa rami mai faɗin tukunyar da ya zo a ciki sau biyu, zurfin kuwa daidai da na tukunyar. Gauraya ƙasar da ruɓaɓɓen taki, ka zaunar da shi, ka cike, ka danna da ƙafa, ka ba shi ruwa ya ƙoshi. Idan shinge kake so, bar tazarar mita 1 tsakaninsu. A shekarar farko ka riƙa shayar da shi duk mako idan ruwan sama ya ɗauke. Da zarar saiwa ta kama, ba ya neman lallashi.

Inda mutane ke ɓata shi wajen yanka ne. A jikin tsofaffin rassa yake fure, ba sababbi ba. Ni kaina na taɓa ganin ya yi buzu-buzu a watan Oktoba, na ɗauko almakashi na yi masa aski tas. Da lokacin fure ya zo, sai ƙwaya-ƙwaya can ƙasa, maƙwabciyata tana leƙowa ta katanga tana girgiza kai. Ka jira furen ya zube tukuna, wajen watan Mayu, sannan ka sa safar hannu mai kauri ka cire matattun rassa da waɗanda suka sarƙe. Tsofaffin kuma ka yanke su daga gindi, amma kada ka wuce ɗaya bisa uku. 'Ya'yan da ke tohowa daga saiwa a gefe ka datse su, in ba haka ba su mamaye wurin.

Idan ganye ya yi rawaya jijiyoyinsa na nan kore, alli ne ya yi yawa a ƙasar, sai ka nemo takin da ke da sinadarin ƙarfe.

Da kaka zai ba ka 'ya'ya rawaya masu ƙamshi, tauri kamar dutse, tsami ya fi na tsamiya. Ba sa ciyuwa ɗanye. Yayyanka su, ka cire ƙwallayen, ka dafa da sukari har ya yi kauri, a shafa wa burodi.