Yadda za ku kare bishiyar bonsai daga sanyin ƙanƙara

Mutane da yawa sun tambaye ni yadda za su yi da bonsai ɗinsu (ƙaramar bishiya da ake reno a cikin tukunya) da suke ajiyewa a waje idan hunturu ya shigo. Saiwoyi ne abin ji, domin tukunyar ba ta da zurfi, nan da nan sanyi yake ratsa ta.

1. Ku daina ba ta taki da zarar ganye ya fara zuba.
2. Ku sauke tukunyar daga kan teburi zuwa ƙasa.
3. Ku matsar da ita gindin bango, inda iska ba ta kaɗawa.
4. Ku lulluɓe tukunyar da ɓawon itace ko busasshen ganye har bakinta.
5. Idan sanyi zai kai digiri 10 ƙasa da sifili, ku kai ta gareji maras ɗumi.

Hattara: kada tausayi ya sa ku shigar da ita falo. Tana buƙatar barcin hunturu. Ɗumi zai tashe ta, ta yi toho ba a lokacinsa ba, ta raunana.

6. Ku riƙa taɓa ƙasar da yatsa kowane mako.
7. Idan ta bushe, ku ba ta ruwa kaɗan da hantsi. Muddin ƙasar a daskare take, ku dakata sai ta narke.
8. Kada ku lanƙwasa reshe cikin sanyi, karyewa zai yi.