Yadda Ake Bambance Hummingbird na Gabashin Amurka da na Tsaunukan Andes

Tsuntsayen da ake kira hummingbird, masu shan ruwan fure suna tsaye a iska, a nahiyoyin Amurka kaɗai ake samunsu, nau'insu kuma ya haura 300. Ƙananan tsuntsayen nan masu ƙyalli da ke shan ruwan fure a gidajenmu wani dangi ne daban, galibi sai sun sauka a reshe suke sha. Ke nan a bidiyo ko hoto za ka gamu da hummingbird, sau da yawa an liƙa masa sunan da ba nasa ba. Ga yadda za ka rarrabe biyu daga cikinsu: mai jan maƙogwaro, wanda masana ke kira Archilochus colubris, da ƙaton Andes, wato Patagona.

Da farko, nemi inda aka ɗauki hoton. Wannan kaɗai ya rage maka rabin aiki. Mai jan maƙogwaro a gabashin Amurka da kudancin Kanada yake ƙyanƙyasa, idan sanyi ya ƙarato sai ya gangara Meziko da Amurka ta Tsakiya. Wasunsu kan tsallake Tekun Meziko, kusan kilomita 800, ba sauka ba hutu, bayan sun tara kitse har nauyinsu ya kusa ninkawa. Shi kuwa ƙaton, yankin Andes ne gidansa, daga Ekwado zuwa Peru, Bolibiya, Cile da Ajantina.

Sai girma. Kada ka yarda da idonka haka kawai, domin kyamara na mai da ƙaramin abu babba. Auna tsuntsun da furen da yake sha ko reshen da ya sauka. Mai jan maƙogwaro santimita 7 zuwa 9 ne, nauyinsa kamar giram 3, da ƙyar ya kai dunƙulen Maggi. Ƙaton kan kai santimita 23 da kimanin giram 20, kuma duk dangin babu wanda ya kama ƙafarsa.

Na uku, zuba ido kan fikafikai, kuma a ganina nan ne alamar da ta fi ƙarfi. Ƙaramin yana kaɗa su sama da sau 50 a daƙiƙa ɗaya, ba ka ganin komai sai dishi-dishi a gefen jikinsa, ga wani ƙugi siriri. Na ƙaton kamar sau 15 ne, ido na iya bin su, har yakan ɗan shanya su yana shawagi. Amma ka tabbata ba a rage gudun bidiyon ba, in ba haka ba ƙaramin ma zai yi maka kama da mai nawa.

Launi ka bar shi ƙarshe, shi ne ya fi yaudara. Jan da ke maƙogwaron namijin ƙaramin ba rini ba ne, tsarin gashin ne ke mayar da haske. Ya ɗan karkata kai, sai wurin ya koma baƙi ƙirin. Ya fuskanci rana, sai ya yi ja zur. Macen ma ba ta da jan, maƙogwaronta fari ne, da fari-fari a bakin gashin jela, bayanta kore. Ƙaton ba ruwansa da ado: ruwan ƙasa ne mai duhu, ciki ja-ja, sai farin tabo a gindin jela wanda ke fitowa fili idan ya ba ka baya.

In ka tabbatar ƙaton ne, sauran aiki guda. A 2024 masu bincike suka nuna cewa nau'i biyu ne masu kama da juna ƙwarai: na arewa yana zaune a tsaunuka duk shekara, na kudu kuma yana ƙyanƙyasa a Cile, ya yi ƙaura zuwa tsaunukan Peru, sama da mita 4,000. Hoton da aka ɗauka a gaɓar tekun Cile na kudu ne. Na Peru kuwa, duba watan da aka ɗauka, domin lokacin sanyin kudancin duniya, wato tsakiyar shekara, su biyun suna haɗuwa a can.