Darasi na Tara: Jemage Ba Abokin Gaba Ba Ne

Jemage ba tsuntsu ba ne. Ba ya yin ƙwai, haihuwa yake yi, uwa kuma ta shayar da ɗanta nono. A cikin dabbobi masu shayarwa shi kaɗai ne ke tashi sama da fukafukai. Ire-irensa sun haura 1,400 a duniya.

Yawancinsu ƙwari suke ci. Da magariba ta yi sai su fito farautar sauro da ƙwarin da ke haifar da tsutsar da ke ɓata amfanin gona. Ba makafi ba ne, kamar yadda ake faɗa. Suna gani, sannan suna fitar da wata siririyar ƙara, ta bugi abin da ke gabansu ta dawo musu, da haka suke gane inda ƙwaro yake a cikin duhu.

Wasu kuma 'ya'yan itatuwa da ruwan fure ne abincinsu. Ku dubi kuka. Furenta fari ne, yana reto ƙasa, kuma da dare yake buɗewa. Jemage zai zo ya lashi zaƙinsa, garin furen ya manne masa a gashi, ya kai shi kan wani furen, daga nan kuka ta yi 'ya'ya. Ƙwallon ɗan itacen da ya haɗiye ko ya yar a nesa, shi ne ke tsirowa ya zama sabuwar bishiya. A gandun dajin Kasanka na ƙasar Zambiya, miliyoyin irin waɗannan jemagu ne ke taruwa daga Oktoba zuwa Disamba kowace shekara.

Ga abin da ya kamata ya dame mu: yawancin jemagu ɗa ɗaya tak suke haifa a shekara. Idan aka banka hayaƙi a kogonsu, ko aka sare bishiyar da suke kwana lokacin da suke goyo, iyaye da 'ya'ya ne za su hallaka tare, kuma sai an yi shekaru kafin a mayar da gurbinsu. Wannan ɓarna ce babba, galibi kuma tsoro ne ke jawo ta. Masu shan jini iri uku ne kacal, dukkansu a yankin Latin Amurka.

Maganar cuta gaskiya ce, wasu na ɗauke da ciwon haukan kare. Don haka kada a taɓa jemage da hannu, mai rai ko matacce, a kuma hana yara wasa da shi. Wanda jemage ya ciza ko ya yakusa, ya wanke wurin da ruwa da sabulu na minti 15, ya tafi asibiti nan take. Idan ya shigo ɗaki, a buɗe taga, a kashe fitila, a ba shi hanya. Idan sun tare a rufi, a jira 'ya'yan su iya tashi, sannan a toshe kafofin bayan sun fita kiwo da dare.

Ƙasashe da dama na ware ƙarshen makon ƙarshe na Agusta don wayar da kai kan jemage. Mu ba sai mun jira Agusta ba.

Aikin yi: Ku rubuta jimla biyu kan amfanin jemage, ku karanta wa mutanen gidanku. Ku tambaye su abin da suke tsoro game da shi, ku zo da amsarsu aji mu tattauna.