Yadda Za a Tsayar da Alƙibla Wajen Kafa Ƙungiyar Raya Kiɗan Gangar Ƙarfe

A tsibirin Trinidad aka ƙirƙiri gangar ƙarfe, wato steelpan, a shekarun 1930 zuwa 1940, a unguwannin talakawa na birnin Port of Spain irin su Laventille. Tun a shekarun 1880 Turawan mulkin mallaka suka hana buga gangar fata, sai jama'a suka koma buga gora, daga nan gwangwanaye, daga baya matasa suka kama gangar mai mai cin galan 55, suka lotsa gindinta da guduma har ta riƙa fitar da sautuka iri-iri. Abin sha'awa ma, da kalma ɗaya Bahaushe yake kiran gangar mai da gangar kiɗa.

Wanda ya yi niyyar kafa ƙungiyar sa-kai don raya wannan kiɗa yakan taso da buri barkatai: koyar da yara, shiga gasa, shirya bukukuwa, adana tarihi. Taura biyu ba ta taunuwa, balle huɗu. Saboda haka kada ka fara da sayen ganguna. Ka fara da rubuta jimla ɗaya wadda ta faɗi su wa za ka yi wa hidima, a wace unguwa, kuma me za su iya bayan shekara guda.

Daga nan ka zagaya filayen atisaye, ka zauna da makaɗa, ka ga abin da wasu suka riga suka ɗauke. A Trinidad da Tobago ƙungiyar Pan Trinbago ce ke shirya gasar Panorama, wadda aka fara a 1963, inda babbar tawaga kan kai makaɗa ɗari ko fiye, suna atisaye dare bayan dare har tsawon makonni. A ganina, sabuwar ƙungiya ba ta da dalilin kutsa kai can, domin gasa tana cinye kuɗin shekara a wata biyu, alhali koyar da yara goma sha biyar ba ya buƙatar fiye da ɗaki, malami ɗaya da ganguna kaɗan.

Inda ya kamata ka fi zurfafa tunani shi ne mai saita sauti. Gangar ƙarfe ba ta da tsirkiya ko igiyar da makaɗi zai ja da kansa. Kowane sauti ɗan tudu ne a fuskar ƙarfen, kuma yawan bugu, faɗuwa ko zafin rana suna karkatar da shi. Sai gwani ya zo da ƙaramar gudumarsa, ya ƙwanƙwasa ta sama, ya kifa gangar ya ƙwanƙwasa ta ƙasa, ya kasa kunne, ya sake, har sautin ya zauna. Irin waɗannan gwanaye, magada Ellie Mannette, ɗaya daga cikin waɗanda suka fara ƙera gangar ƙarfe, ba su da yawa, kuma a wajen Trinidad wani lokaci sai an biya wa mutum kuɗin jirgi da masauki. Ka nemo shi tun kafin ka sayi ganga ko ɗaya, ka sa ladansa a kasafin kowace shekara. Idan kuwa babu shi kusa da ku, wataƙila horar da matashi ɗaya ko biyu a wannan sana'a shi ne ainihin aikin ƙungiyarka.

Wurin ajiya ma ba ƙaramin abu ba ne, tunda makaɗin babban sauti shi kaɗai yana tsayawa tsakanin ganguna shida cikakku, ga tsatsa idan akwai laima, ga maƙwabta masu son barci.

Da zarar an san ku, gayyata za ta yawaita. Ka auna kowace da jimlar nan da ka rubuta, ka ba da haƙuri kan wadda ba ta dace ba, ko da akwai kuɗi a ciki. Don nuna aikinku ga iyaye da masu tallafi, ka keɓe 11 ga Agusta, ranar da Majalisar Ɗinkin Duniya ta ware wa gangar ƙarfe a 2023, yaran su buga waƙa biyu ko uku da suka iya sosai.