Yadda Ake Tace Hayaƙi Yayin Tiyatar Laparoskopi

A tiyatar laparoskopi, wato aikin da ake yi da kyamara da kayan aiki ta ƙananan ramuka a fatar ciki, ana cika cikin majiyyaci da iskar kabon dayoksaid, galibi a matsin da ke tsakanin 12 zuwa 15 mmHg, domin likita ya sami sararin gani da aiki. Da zarar an kunna na'urar ƙona nama ta lantarki, hayaƙi zai taru a cikin wannan rufaffen wuri. Mafi yawansa tururin ruwa ne, amma sauran ya ƙunshi ɓurɓushin nama da jini da sinadarai masu cutarwa irin su benzin da fomaldihaid da kabon monoksaid, kuma an taɓa gano ƙwayar cutar hanta nau'in B a cikinsa. Ƙa'idar da ya kamata kowa a ɗakin tiyata ya riƙe ita ce kada iska ta fita daga cikin majiyyaci sai ta hanyar matata.

Tun kafin a fara aiki, a haɗa matatar ULPA, wadda ke kama ƙwayoyi masu ƙanƙantar kusan mikron 0.1 (mikron ɗaya kashi ɗaya ne cikin dubu na milimita), da ɗaya daga cikin bututun toroka, wato bututun da ake sa wa a ramukan ciki don shigar da kyamara da kayan aiki, amma ba wanda iskar ke shigowa ta cikinsa ba. Idan matatar na da gawayi a ciki ta fi kyau, domin shi ne ke riƙe sinadarai da wari. Inda babu irin wannan, wasu asibitoci na amfani da matatar injin numfashi, kamar yadda aka yawaita yi a 2020 lokacin annobar korona, sai dai ita ba ta tsare sinadarai.

Yankan fata ya zama daidai da faɗin toroka, saboda idan ya yi girma iska za ta riƙa zurarewa ta gefe ba tare da kowa ya lura ba. A yi aiki da mafi ƙarancin matsin da zai ba da damar gani, a rage ƙarfin na'urar ƙonawa, a kuma riƙa kunna ta a taƙaice. Idan hayaƙi ya rufe kyamara, a buɗe hanyar matata kawai; buɗe famfon toroka zuwa iskar ɗaki ɗabi'a ce mai sauƙi da ta yaɗu, amma tana watsa gubar ne kai tsaye a fuskar ma'aikatan jinya da masu ba da maganin barci, waɗanda ke shaƙar ta kullum.

Lokaci mafi haɗari shi ne ƙarshen aiki. Kafin a ciro abin da aka yanke, ko a zare toroka, ko a koma buɗe ciki gaba ɗaya, a kashe injin hura iska, sannan a fitar da duk iskar da ta rage ta matata a hankali. Takunkumin tiyata na yau da kullum ba ya hana ƙananan ƙwayoyin nan wucewa, don haka a sa takunkumin N95 da kariyar ido. Matata da bututunta kuwa a cire su da safar hannu, a zuba su cikin sharar asibiti mai haɗari, kada a sake amfani da su ga wani majiyyaci.