Darasi na 9: Faɗuwar gaba, ciwon fargaba, da 'yan ƙwayoyin nan farare

Kafin mu fara, kowa ya buɗe littafinsa ya rubuta kalmomin nan huɗu a saman shafi, manya-manya: fargaba, zullumi, firgita, ƙwaya. A kula da ƙugiyar da ke kan ƙ ɗin ƙwaya don Allah, da yawa a cikinku har yau kuna barin ta a gida.

Abin da ya sa na sako darasin nan cikin littafin, abu ne da ya faru a ajina na yamma. Akwai wata dattijuwa mai sayar da awara a ƙofar gida can wajen Ƙofar Mata, ran nan na ce Iya taso ki karanta mana jimla uku a allo. Wallahi kafin ta ƙaraso gaban aji hannunta ya fara karkarwa, allin ya suɓuce ya faɗi, gumi ya keto mata a goshi ga shi lokacin hunturu ne ana ta rufe taga. Ta dai daure ta karanta, da gargada da komai, ta koma ta zauna aka tafa mata, ko minti biyar ba a yi ba sai ga ta tana ɓara goro tana tsokanar ta kusa da ita. Toh wannan ita ce faɗuwar gaba ta kowa da kowa. Ɗan adaidaita yana jin ta in ya hango 'yan KAROTA, jami'an kula da hanya na Kano, alhali takardunsa ba su cika ba, amarya tana jin ta daren kai ta ɗaki, mai shago a Kwari yana jin ta ranar da mai kaya zai zo karɓar balas. Akwai dalili a gabanka, dalilin na wucewa ita ma ta wuce.

Kuma jiki ne yake aikinsa. A saman kowace ƙoda akwai wata 'yar halitta da ke sakin sinadarin da likitoci ke kira adiranalin, da zarar ƙwaƙwalwa ta hango haɗari sai a sako shi cikin jini, zuciya ta ƙara sauri, numfashi ya hau, baki ya bushe, ciki ya murɗa. Shiri ne na gudu ko na faɗa. Ba don shi ba da babu mai tsallake titin Zariya da rai.

Da aka tashi daga aji a ranar, wata matashiya cikin ɗaliban ta tsaya har kowa ya fita, sannan ta matso ta yi ƙasa da murya ta ce, "Malama, ni fa tawa ba ta tafiya." Ta ce wata takwas ke nan, tana farkawa da asuba gabanta yana faɗuwa babu gaira babu dalili, in maigida ya yi lattin dawowa ta riga ta gama ganin gawarsa a ranta, in yaro ya yi tari ta ce shikenan, in waya ta yi ƙara sai ta ji kamar an soke ta. Barci rabi da rabi, wuya da kafaɗa kullum a sanƙare. Sau biyu kuma a cikin kasuwar Rimi abin ya taso mata gaba ɗaya, ƙirji ya toshe, hannu ya yi sanyi, ta ji kamar ranta ne zai fita, tun daga nan ta daina zuwa kasuwa sai aike. An yi mata maganin taifot har sau uku, an ce olsa ce, wata gwaggonta ta ce iska ce.

Wannan shi ake kira ciwon fargaba, kuma ciwo ne kamar hawan jini, kamar suga. Bambancinsa da na Iya mai awara ba a zafin abin yake ba, don na Iya ma ai ya yi zafi. A duba abu uku: ya daɗe, ya fi ƙarfin dalilinsa ko ma babu dalilin, sannan ya fara hana mutum harkarsa, wato sana'a, kasuwa, barci, shiga mutane. Irin wanda mutum ke zullumin komai da komai, likitoci suna duba ko ya kai wata 6 yana damun mutum kusan kullum. Irin na kasuwar Rimi kuwa, mai tasowa farat ɗaya, yawanci cikin minti 10 yake kai ƙarshen ƙarfinsa sai ya fara sauka, shi kansa ba ya kisa, sai dai wanda yake ciki ba zai yarda da kai ba. Akwai kuma masu tsoron abu guda, kamar allura ko hawa bene ko magana a gaban jama'a. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a shekarar 2019 mutum miliyan 301 ne ke fama da ciwon nan a duniya, mata sun fi yawa, kuma kusan mutum ɗaya cikin huɗu ne kawai ke samun magani. Ku rubuta lambar nan da kanku: 301,000,000. Sifili nawa kuka gani?

Sai ta buɗe jaka ta ciro wata 'yar kwalba da ba ta kai ɗan yatsa ba, cike da 'yan ƙwayoyi farare ƙanana kamar tsabar gero. Ta ce yayanta ne ya kawo mata da ya raka mahaifinsu jinya Indiya, an ce masa na tsoro ne kuma ba shi da illa ko kaɗan. Ta ce, "Malama, karanta min, ni dai 30 ɗin na iya ganewa." A jiki an rubuta Aconite 30C. Na ɗanɗana ɗaya, zaƙi ne zalla, sukari.

Sunan irin wannan magani homiyofati. Ku faɗa a hankali, ho-mi-yo-fa-ti. Mutane suna haɗa shi da maganin gargajiya ko da na Islamik kemis, alhali ba ɗaya ba ne. Mai maganin gargajiya a Kurmi in ya ba ka sassaƙe ko saiwa, to akwai sassaƙen a ciki, ko ya yi maka aiki ko kar ya yi, ko ma ya yi maka illa. Homiyofati wata hanya ce daban da wani likita Bajamushe, Samuel Hahnemann, ya fito da ita a 1796. A zamaninsa likitocin Turai zubar wa mara lafiya jini suke yi, suna ɗura masa abubuwa masu guba, shi kuwa abin ya ishe shi, a nan kam ba za a ga laifinsa ba. Sai ya kawo ra'ayi biyu. Na farko, wai abin da ke jawo wata alama a jikin mai lafiya shi zai warkar da irin alamar a jikin mara lafiya. Shi ya sa masu bin hanyarsa suke ba mai firgita akonait, wato Aconite ɗin jikin kwalbar nan, wani tsiro mai guba da ke rikita bugun zuciya, wani su ba shi jalsemiyam in yana karkarwa kafin jarrabawa, wani ma asinik, guba tsagwaronta. Ra'ayi na biyu shi ne a yi ta sirka abin da ruwa ana jijjigawa, wai iya sirkawa iya ƙarfinsa.

A nan darasin lissafinmu na yau yake, kowa ya ɗauko fensir.

Ɗauki cokali 1 na zoɓo mai kauri ka zuba cikin cokali 99 na ruwa, ka jijjiga. Wannan shi ne 1C, wato kashi 1 cikin 100, har yanzu za ka ga ɗan ja-ja. Yanzu ɗebi cokali 1 daga wannan ruwan ka zuba cikin wani sabon cokali 99. Ya zama 2C, kashi 1 cikin 10,000. Sake yi, 3C, kashi 1 cikin 1,000,000. Kun lura kowane zagaye sifili biyu muke ƙarawa? To 30C na jikin kwalbar nan yana nufin an yi haka sau 30, ke nan lamba 1 da sifili 60 a bayanta, ku gwada rubutawa ku ga ko layi ɗaya zai ɗauke ta. Masana sinadarai sun lissafa cewa daga wajen 12C zuwa sama da wuya a samu ko ƙwayar zarra ɗaya ta asalin abin a ciki. In ka ɗiga ɗigo ɗaya na zoɓo a dam ɗin Tiga ka gauraya ka ɗebo kofi, wannan kofin ya fi 30C zoɓo nesa ba kusa ba. Ruwan nan ne ake ɗigawa a kan ƙwayar sukari a bari ya bushe. Masu hanyar suna cewa ai ruwa yana riƙe tunanin abin da ya taɓa shiga cikinsa. Ni dai na ce in haka ne ruwan Jakara, rafin nan mai kwashe ƙazantar Kano, yana da labari.

Ba a bar maganar a baki ba, an gwada. A 2015 hukumar binciken lafiya ta ƙasar Ostareliya ta tattara gwaje-gwajen da aka yi ta duba, ta ce babu wata cuta ko ɗaya da aka samu ingantacciyar hujja cewa homiyofati yana maganinta. A 2017 hukumar asibitocin gwamnati ta Ingila ta ce likitocinta su daina rubuta shi, Faransa kuma ta daina biyan kuɗinsa a inshorar lafiya daga farkon 2021. Indiya kuwa ta riƙe shi hannu bibbiyu, har yana cikin abubuwan da wata ma'aikatar gwamnatinsu mai suna AYUSH ke kula da su, shi ya sa yake biyo masu zuwa jinya da 'yan kasuwa ya iso mana nan.

Amma ɗalibar nan ta ce min, "Malama, satin farko wallahi na ji sauƙi." Kuma ban ƙaryata ta ba. Fargaba dama hawa da sauka take yi, mutum kuma yakan nemi magani ne ranar da abin ya kai maƙura, to ko me ya sha washegari zai ɗan sauka. Sannan sa rai kansa yana kwantar da zuciya na ɗan lokaci, ga shi yayanta ne ya tuna da ita tun daga wata ƙasa. Abu ɗaya da zan yaba wa masu homiyofati, sukan zauna da mutum su daɗe suna tambayarsa barcinsa, cinsa, abin da yake tsoro, mu kuwa a layin asibiti kafin ka gama gaisuwa an miƙo maka takarda. Sauraron nan yana da amfani, sai dai ba a cikin kwalba yake ba. Illar ƙwayar sukari ita ce watannin da za ta cinye maka kana jira. Kuma ba kowace ce sukari zalla ba, waɗanda ba a sirka sosai ba ko aka haɗa da ganganci suna iya zuwa da gubar, a Amurka ma hukumarsu ta magunguna ta taɓa gargaɗi a 2016 kan wasu ƙwayoyin haƙorin jarirai irin waɗannan.

To ina za a je? A fara da asibiti mafi kusa a auna jini da suga, don akwai cututtukan jiki masu kama da fargaba sak: ƙarancin jini, saukar suga, da ƙululun wuyan nan mai kawo maƙoƙo in yana aiki fiye da kima. Wanda ƙirjinsa ya riƙe karo na farko, musamman mai shekaru ko mai hawan jini, kar ya zauna yana cewa fargaba ce, a tafi a duba zuciya. A kuma faɗa wa likita gaskiyar goro nawa ake ci a rana, kofi nawa, lemon ƙarin kuzarin nan gwangwani nawa, duk suna sa zuciya gudu. Iya mai awara ta harare ni da na zo nan.

In an tabbatar ciwon fargaba ne, akwai sashen likitocin ƙwaƙwalwa a Asibitin Malam Aminu Kano, akwai kuma asibitin Dawanau. Na san da an ce Dawanau sai kowa ya ɓata rai, wai ni mahaukaci ne? Haba. Mutane da yawa da ke zuwa can da ƙafarsu suke zuwa, su ga likita su koma shagonsu. Magani iri biyu ne. Akwai na zama da ƙwararre ana tattaunawa mako-mako, yana koya maka kama mugun tunani tun yana tasowa ka auna shi, yana kuma mayar da kai wurin da kake gudu kaɗan-kaɗan, yau bakin kasuwa, jibi layin farko. Akwai kuma ƙwayoyi irin su fuluwoksetin da satiralin, waɗanda sai sun yi sati biyu zuwa shida kafin a ji aikinsu sosai, farko-farko ma wani sai ya ji kamar abin ya ƙaru, a nan mutane ke yar da su. Kar a yar, a koma a faɗa wa likita.

Wanda nake roƙonku da girman Allah ku kiyaye shi ne shiga kemis a ce a ba ni na barci. Diyazafam, wanda yara ke ce wa D5, yana kwantar da mutum cikin awa guda, daɗinsa ke nan kuma tarkonsa ke nan, cikin 'yan makonni jiki ya saba sai an ƙara. Wanda ya riga ya daɗe a kansa kar ya yanke rana ɗaya, yana iya jawo jijjiga, likita ne zai rage masa sannu a hankali. Mun dai ga yadda kodin ya yi da 'ya'yanmu a garin nan kafin gwamnati ta hana maganin tarinsa a 2018. Addu'a kuwa ba wanda ya ce a bari, Annabi (SAW) da kansa ya nemi tsari daga damuwa da baƙin ciki, a yi azkar a kuma karɓi kati. Wanda ya fara jin gara ya mutu ya huta, wannan ba na jiran sati ba ne, a gaya wa wani na kusa a tafi asibiti a ranar.

Yanzu kowa ya ajiye fensir ya ɗora hannu a ciki. Ja numfashi ta hanci kana ƙirga 1 zuwa 4, cikin ne zai taso ba ƙirji ba. Sake shi ta baki a hankali kamar mai hura koko, kana ƙirga 1 zuwa 6. Sau goma. Ba ya warkar da ciwon amma yana rage gudun zuciya in abin ya taso, a cikin adaidaita ma ana iya yi ba wanda zai sani.

Aikin gida. A ja layi uku a shafi, ya zama gida huɗu: rana, lokaci, me nake yi, ƙarfinsa daga 1 zuwa 10. Duk sanda gabanka ya faɗi cikin satin nan ka cike layi ɗaya, ko da kalma bibbiyu ne, misali: Talata, asuba, ina kwance, 7. Ɗalibar da na ba ku labari irin wannan takardar ta kai wa likita, shafi biyu da rubutunta na 'yar koyo, ta ce ya daɗe yana dubawa kafin ya ɗago ya fara yi mata tambaya. Wanda ba ya so a ga nasa a aji ya ninke shafin, ba zan buɗe ba. Sannan kowa ya duba gida, in akwai wata kwalbar magani da ba a san kanta ba a kwafo duk abin da ke jikinta harafi-harafi, har da lambar NAFDAC in akwai, a zo da shi ranar Asabar mu karanta tare.